Kafin ka sayi na'urar sarrafa fitilun biki: wacce ta dace da kai, kuma me ke ƙona ta

Idan fitilun wurin biki suka fara ƙyaftawa da kansu ko suka ƙi bin umarni, na'urar sarrafa su ake fara zargi, sai a nufi Sabon Gari ko a yi odar wata daga Alaba. Sau da yawa kuwa lafiyar na'urar ƙalau, cutar tana cikin waya, ko a yadda aka raba wutar wurin. Don haka kuɗin da ka ware wa na'ura ka raba shi, wani kaso na waya ne da abin kare layi.

Kusan duk fitilun dandali da tsarin DMX512 suke aiki, wanda aka fitar a Amurka a 1986. Layi ɗaya yana ɗaukar tasha 512 (kowace tasha abu ɗaya take sarrafawa a fitila, kamar launi ko ƙarfin haske), kuma saƙo yana bi ta waya uku, kowacce da fil ɗinta a kan wayar: fil na 1 shi ne na gama-gari da garkuwar waya, fil na 2 saƙon ragi, fil na 3 saƙon ƙari. Ana jera fitilun ne kamar carbi, waya ta shiga ta farko ta fita zuwa ta biyu, kuma kada su wuce 32 a layi ɗaya.

Daga cikin na'urori mafi araha a kasuwa akwai wadda ake kira DMX 192. Tana da maɓallin fitila 12, kowanne da tasha 16, tana kuma ajiye tsarin haske 240. Ga mai fitilun LED na zuba launi guda takwas ko goma, ta wadatar. Inda take ba mutane wahala shi ne adireshi, wato lambar tashar da kowace fitila take fara karɓar umarni daga kanta. Ko da tasha 7 kawai fitilarka take ci, na'urar tasha 16 ta ware mata, saboda haka adireshin fitilun 1, 17, 33, 49, 65 zai kasance, har zuwa 177. Wanda ya sa 1, 8, 15 zai ga maɓalli ɗaya yana taɓa fitila uku, ya ɗauka kayan sun lalace. A fitilun da ake sa wa adireshi da ƙananan makunnai, ƙimarsu 1, 2, 4, 8, 16 take tafiya har 256, wato adireshi 17 shi ne a ɗaga na farko da na biyar. Fitila mai juya kai da ke cin tasha 20 ko fiye ba za ta shiga maɓalli ɗaya ba, a nan gara DMX 384 mai tasha 32 a kowane maɓalli. Duka biyun dai galibi ba su da kariya tsakanin layin saƙo da cikin na'ura.

Zaɓi na biyu shi ne akwatin USB da ake haɗawa da kwamfuta, a yi aiki da manhaja irin QLC+, wadda kyauta ce. Nan bambanci yake da girma. Mai arahar, irin Enttec Open DMX USB da kwaikwayonsa, kwamfuta ce ke tsara masa lokacin saƙo, don haka idan ta yi nauyi fitilu na iya sarƙewa, kuma duk wutar da ta dawo ta layi tana iya kaiwa ga kwamfutar. DMX USB Pro yana da ƙwaƙwalwarsa, layinsa kuma a keɓe yake. Ga mai yawo da kaya wuri-wuri, inda bai san wanda ya yi wayar ɗakin ba, na biyun ne abin saye ko da ya fi tsada, domin asarar kwamfuta ta fi ƙarin kuɗin.

Wanda fitilunsa suka haura tasha 512 zai buƙaci babban tebur mai layi da yawa ko akwatin Art-Net, mai ɗaukar saƙon DMX ta wayar sadarwar kwamfuta. Na'urar DMX marar waya tana da amfani wajen tsallake fili, sai dai galibi a zangon 2.4 GHz take aiki tare da wayoyin hannu da intanet ɗin wurin, kuma ɗakin da ya cika da jama'a ba ɗaya yake da ɗakin da aka gwada ta da rana ba.

Abin da ke ƙonewa kusan kullum ƙaramin aisi (IC, ƙwayar lantarki mai turawa da karɓar saƙo) ne mai ƙafa takwas da ke bayan kan wayar DMX, MAX485 ko SN75176. Abin da yake jurewa tsakaninsa da ƙasa daga bolt 7 ragi ne zuwa bolt 12 ƙari. Idan rabin fitilu suna kan janareta rabi suna kan wutar NEPA, ko ginin ba shi da wayar ƙasa ta kirki, bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fil na 1 zai bi, ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Wani mai kisan kuma shi ne mikisar sauti: kan wayar fitila mai fil uku iri ɗaya ne da na makirufo, kuma idan yaron aiki ya soka layin fitilu a mikisar da aka kunna mata bolt 48 na makirufo, aisin na iya tafiya nan take. Shi ya sa ƙa'idar asali ta ce a yi amfani da kai mai fil biyar, masu kayan araha ne suka koma uku. A naɗa wa wayoyin fitilu tef mai launi daban. Maganin bambancin wuta kuwa shi ne mai raba layi wanda fitarsa take a keɓe da haske, wato haske ne ke tsallakar da saƙo a cikinsa, wuta ba ta wucewa. A tambayi mai shago ko kowace fita ce a keɓe, domin akwai masu raba layi kawai ba tare da kariya ba. Raba waya biyu da hannu a kai ɗaya ba ya cikin tsarin, saƙo yake ruɗawa.

Wayar DMX ta gaskiya murɗaɗɗiya ce mai om 120. Wayar makirufo tana yin aiki a mita goma da fitila huɗu, wannan ne ke yaudarar mutane, amma da layi ya yi tsawo sai fitilun ƙarshe su fara rawa. Ga wayar da za a binne a gini, Cat5e ta yi, muddin ba za a soka ta a na'urar intanet mai ba da wuta ba. A fitilar ƙarshe a sa marufin layi: kai namiji da aka liƙa wa resista mai om 120 tsakanin fil na 2 da na 3. Kowane mai gyara zai haɗa shi cikin minti biyar.

Kafin ka yanke cewa na'ura ta mutu, haɗa ta da fitila ɗaya ta gajeriyar waya da ka amince da ita, adireshi 1. In ta amsa, ƙara fitilu ɗaya bayan ɗaya har a kai inda abin ya ɓaci. In fitilu sun fi yawa, cire layin daga tsakiya a ga wane rabi ne mai cutar. Sannan a kashe komai, a zare waya daga fitilu, a auna da mita: 1 ya je 1, 2 ya je 2, 3 ya je 3, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa, fil na 1 kuma bai taɓa ƙarfen kan ba. Da marufi a ƙarshe, tsakanin 2 da 3 ya nuna kusan om 120. Kusan sifili na nufin sun haɗu, rashin karatu kuma waya ta tsinke. Idan fitila tana motsi amma ba abin da aka ce mata take yi ba, a duba ko an juya 2 da 3. Yawancin DMX 192 suna da makunnin juya su a baya, kuma hannu na taɓa shi wajen ɗaukar kaya. A duba kuma kada wata fitila ta kasance a yanayin jagora ko bin sauti, domin ita ma saƙo take turawa a layin, su yi karo da na na'ura.

A shago, ka sa a gwada na'urar da fitila a gabanka, a tura kowane maɓallin ja sama da ƙasa. In mai kaya ya yarda a buɗe, dubi aisin nan mai ƙafa takwas. Wanda ke zaune a soket ana zare shi a sa sabo ko a wurin biki, wanda aka liƙa da dalma kuwa sai an kai wa mai gyara. In na soket ne, sayi guda biyu ko uku ka ajiye a jakar waya.