Gidan kallon da muka kalli muhawarar 'yan takara a Tudun Wada

Jiya Lahadi 6 ga Nuwamba 2022 na je wani gidan kallon ƙwallo a nan Tudun Wadan Zariya, ba ƙwallo ta kai ni ba, ita an gama ta tun da rana lokacin da Arsenal ta ci Chelsea ɗaya da nema. Matasan unguwa 'yan jar hula ne suka kama wurin daga bayan magariba don a kalli zaman da tashar Arise ta shirya wa masu neman shugaban ƙasa a otal ɗin Transcorp Hilton a Abuja. Ni ma ɗan jar hular ne, tawa na kaina na shiga, don haka kada wani ya ce adawa ce ta sa ni wannan rubutu.

Wurin kam ba laifi wallahi. Filasma biyu manya, benci a share, an yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, nepa ta ɗauke wuta ana tsakiyar magana amma kafin a gama salati yaron ya tada janareto, kuma can baya suka ajiye shi ƙararsa bata damun kowa. Shiga kyauta ne tunda an biya wa kowa, ga mai shayi a bakin ƙofa, shayinsa da kauri da citta, da wannan sanyin da ya fara shigowa ya yi min daɗi sosai. Babu ɗan daba ko ɗaya, babu mai busa hayaƙi a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun kawo tafinta. Muhawarar da turanci ake yi, kuma rabin mutanen da ke zaune 'yan kasuwa ne da masu keke napep da dattawa, sai aka samu wani malamin makaranta ya riƙe makirfo yana juya maganar zuwa Hausa. Wannan tunani ne mai kyau, ban taɓa ganin an yi haka a gidan kallo ba.

To amma a nan ɗin ne kuma raina ya ɓaci. Mutum huɗu ne a kan dandamali, Kwankwaso na NNPP, Peter Obi na Labour, Kola Abiola na PRP, sai Okowa gwamnan Delta da ya wakilci Atiku, Tinubu kuwa bai je ba. In namu ya karɓi magana sai a ƙure sifika, malam ya fassara dalla-dalla har da ƙarin gishiri, wuri ya kaure da tafi, amma da an miƙa wa wani sai yaron da ke riƙe da rimot ya rage murya har sai dai ka ga baki na motsi, malam kuma ya ce "wannan ba wani abu ya faɗa ba" a wuce. Kuma fa maganar tsaro ake yi da tattalin arziki. Mu da tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris kowa ke fargabar hanya, mu da ke jin labarin Giwa da Birnin Gwari kullum, a ce ba za a bari mu ji me kowannensu ya tanada ba?

Akwai wani dattijo kusa da ni, ya naɗe rawani a wuya saboda sanyi, da ya ji an ambaci PRP sai ya gyara zama ya dafa gwiwata ya ce "ɗana, jam'iyyar Malam Aminu ce fa, ita muka yi wa Balarabe Musa a 1979, me yaron nan yake cewa?" Na kasa kunne iya ƙarfina ban ji komai ba. Na ce Baba yi haƙuri sun rage. Ya yi shiru bai sake tambayata ba, kafin a tashi ma ya saɓa sandarsa ya fita. Abin nan ya tsaya min a rai har na kwanta.

Da aka watse na samu mai gidan na ce Alhaji wurinka ya yi kyau amma rimot ɗin nan bai kamata ya bar hannunka ba. Ya ce min waɗanda suka biya su ke da wuri, na gane uzurinsa, kasuwa yake nema, amma ban gamsu ba, ai ko ranar ƙwallo ba ya kashe murya don Chelsea ce ke da ƙwallo a ƙafa.

In ƙwallo za ka kalla je ka kanka tsaye, ina ba shi huɗu cikin biyar. In muhawara ce irin ta jiya biyu zan ba shi, ɗaya na janareto ɗaya na shayi. Ni dai yau da safe sai da na sayi data na sake kallon zaman tun daga farko a YouTube, kuma in Allah ya sa na haɗu da Baban nan a masallaci zan faɗa masa abin da Kola Abiola ya ce.