Hagu da dama a cikin kwalbar magani

Sati biyu da fara aiki a wani ɗakin gwajin magunguna a nan Jamus na sha kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Shugabar sashenmu ta miƙo mini kwalabe biyu, ta ce in duba ko abin da ke ciki ɗaya ne. Na saka su a na'urar UV, mai auna yadda magani ke shan haske, irin wadda muka sha bin layi a kanta a makaranta. Zane biyu suka fito, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar an kwafa. Na bugi ƙirji na ce, "Ɗaya ne."

Ba ta ce uffan ba. Ta ja ni gaban wata na'urar da suke kira CD, mai aika haske iri biyu, mai murɗawa hagu da mai murɗawa dama, sannan ta auna wanne daga cikin hasken biyu maganin ya fi sha. Kwalbar farko layi ya miƙe samɓal. Ta biyu kuwa ya yi tudu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe ta farko ofloxacin ce, ta biyu levofloxacin. Sinadarin siffa biyu gare shi, kamar hannun dama da na hagu: yatsu biyar-biyar, amma safar wannan ba ta zama daidai a wancan. Ofloxacin rabi da rabi ne, sai hagu ya soke dama a na'urar, shi ya sa layin ya miƙe. Levofloxacin ɓari ɗaya ne zalla, wanda shi ke kashe ƙwayoyin cutar, shi ya sa ya kusan ninka ɗan'uwansa ƙarfi. Da tsayin tudun ake lissafa yawansa.

Mutanen nan sun ji jiki ne. A ƙasar nan aka fara sayar da thalidomide, wani magani da mata masu ciki suka riƙa sha, a 1957, shi ma mai hagu da dama, kafin a janye shi a 1961 jarirai sama da 10,000 a duniya an haife su da nakasa.

Mu kuwa a gida, launin ƙwaya muke tambaya da ko "mai ƙarfi ce". Wa ya taɓa damuwa da "levo" ɗin da ke gaban suna, mai nufin hagu? Ni kaina da na karanta abin, haddarsa na yi don jarrabawa.

Sai dai fa kar ku ce komai daɗi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, maganin da nake aunawa kullum ya gagare ni sai da takardar likita. Mai kantin ta ce a'a, ta dubi na bayana. Ko sannu.