Yadda laburare yake a nan Malesiya

Salam Yaya, ya damina ya mutan Taura. Ka ce in ba ku labarin karatu a nan, to bari in fara da laburare don shi ya fi ɗaure min kai.

Ka san ɗan zanen nan baƙi da fari mai kusurwa huɗu da ke jikin takardar NIN, wanda in ka kalle shi sai ka ce hatimin malaman zaure ne? Lambar QR sunansa. To nan a manne yake ko'ina, jikin kantar littattafai, kan tebur, har ƙofar ɗakin da ɗalibai ke tattaunawa. Kawai ka haska masa kyamarar waya sai ta nuna maka littafin da kake nema yana hawa na nawa, wani ya ara ko yana nan, wani lokacin ma ta buɗe maka shi gaba ɗaya ka karanta a wayar, ɗakin tattaunawar ma ta nan kake kama shi ka zaɓi awar da kake so ba sai ka je ka roƙi mai makulli ba. Inda na yi digirin farko a gida kuwa durowar kati muke ja muna bi ɗaya bayan ɗaya, ka kwafi lamba ka je kanta ka tarar littafin ba ya nan kuma ba wanda ya san inda ya shiga.

Abin ba sabo ba ne fa, wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro shi tun 1994 don bin sawun kayan mota a masana'anta, yana iya ɗaukar lambobi sama da 7,000, kuma suka bar kowa ya yi amfani da shi kyauta. Ka ga ke nan ko mai fotokwafi a Ringim zai buga maka shi. Wallahi ba zanen ne tsadar ba, abin da ke bayansa ne, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kyauta ga ɗalibi, jami'a ta biya kuɗin mujallun bincike, sannan akwai ma'aikacin da ke gyara wanda ya daina buɗewa. A manna shi a wajenmu ba netwok, yaro ba data, ai ado ne kawai.

Ko mai shayi nan da DuitNow QR, wato lambar QR ta biyan kuɗi ta Malesiya, ake biyansa, ba zancen turo akawun a tsaya jiran alat. Mu ma a Najeriya an fito da irin tamu mai suna NQR a 2021 amma ni dai ban taɓa ganin shi a teburin mai shayi ba, POS muka riƙe. Sai dai nan in caji ya ƙare maka ka shiga uku, kuma ana gargaɗi 'yan damfara na liƙa nasu a kan na gaskiya.

Autanmu da zai tafi Dutse bana, don Allah a samar masa waya mai kyamara ko na hannu ce, zan turo ɗan abin da ya samu ƙarshen wata. A gaida su Inna.