Instax Mini 12, kyamarar da ta tara min yarana wuri guda

Babbar 'yata ta gama sakandare a bana, ta kuma samu gurbi a jami'a. A ƙarshen watan Agusta, ana saura mako biyu ta tafi, muka tara 'yan uwa da ƙawayenta a tsakar gida da yamma, kafin hutu ya ƙare kowa ya kama gabansa. Ƙanenta mai shekara 15 ma a wannan hutun ne muryarsa ta buɗe, ya kuma zarce ni tsawo. Na so in samu hoton wannan lokaci wanda zan riƙe a hannu, domin wayata cike take da hotunan da ban taɓa wanke ko guda ba. Dalilin da ya sa na sayi Instax Mini 12 ke nan.

Kamfanin Fujifilm na Japan ne ya fito da ita a 2023, ko da yake tun 1998 yake yin kyamarorin Instax masu ba ka hoto nan take. Jikinta na roba ne, ba ta da nauyi, kuma kala biyar ake yin ta. Na zaɓi koriya mai haske. Ƙananan batura biyu na AA take ɗauka. Ba ta da allo, ba ta da maɓallin kunnawa: bakin gilashin za ka murɗa ta kunnu. In ka ƙara murɗawa sai ta koma ɗaukar abin da ke kusa, tsakanin santimita 30 zuwa 50, ga ɗan ƙaramin madubi a gefen gilashin don mai son ɗaukar kansa. Cikin minti biyu autana ya gane kanta.

Kowane fakitin fim takarda 10 ne. Latsawar farko baƙin murfi take turowa, kada gabanka ya faɗi, ba hoto ka ɓata ba. Daga nan kowace latsawa takarda guda ta tafi, kuma akwai 'yar taga a baya mai nuna nawa suka rage.

Hoton farko na 'yata ne da aminiyarta a jikin katanga. Takardar ta fito ta saman kyamarar fara fat, girmanta kamar katin ATM. Yaran nan da tun zuwansu kowa kansa ke sunkuye a kan waya, sai ga su sun ajiye, sun haɗa kai a kan 'yar takarda suna jira. Da farko duhun mayafi ya fara bayyana, sai gira, sai haƙora, cikin kamar daƙiƙa 90 fuskoki biyu suka cika. Shewar da suka yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Ni kuwa ba hoton nake kallo ba, su nake kallo, kawuna takwas a haɗe, har da ƙanen nata da ya kwana biyu ba ya yarda a ɗauke shi.

Maigida ya karɓi na biyu yana kaɗa shi a iska wai ya yi saurin bushewa. 'Yar ta ce, "Abba, don Allah bar kaɗa shi, ba jiƙe yake ba." Gaskiyarta ce. Sinadarin da ke fito da hoton yana cikin faffaɗan gefen nan na ƙasa, wasu 'yan ƙarafa masu juyawa ne ke matse shi su baza shi a cikin takardar yayin da take fitowa. Ajiye shi kawai ake yi a wuri mai inuwa. Wannan faffaɗan gefen kuma ya yi mana rana, don a nan 'yan matan suka riƙa rubuta kwanan wata da sunayensu.

Akwai abubuwan da na so a ce na sani tun farko. Fitilarta tana haskawa a kowane hoto, dare ko rana, ba a kashe ta, kuma haskenta bai kai mita 3 ba. Bayan faɗuwar rana muka jera mutum kusan ashirin, na ja da baya don kowa ya shiga, sai hoton ya fito duhu, da ƙyar ake gane na gaba. Ba don irin wannan aka yi ta ba. Mutum biyu zuwa huɗu, a kusa, shi ne aikinta, kuma mafi kyawun hotunanmu su ne na awa guda kafin rana ta faɗi, a inuwar katanga. Hoton taro a bar wa waya. Fim ɗin ma ba ya son zafi, tsakanin digiri 5 zuwa 40 yake aiki daidai, don haka kada a bar fakitin a kan tebur cikin rana. Kuma a gargaɗi ƙananan yara kada su buɗe murfin baya matuƙar da sauran takarda a ciki, haske zai lalata ta.

Fakiti uku na tanada, na ɗauka sun yi yawa. Ba su kai ƙarshen taro ba. Da suka ga saura takarda huɗu sai shawara ta tashi, wa zai tsaya da wa, wa bai samu ba tukuna. Na ji daɗin ganin yadda suka riƙa gyara tsayuwa, suna jan juna kusa, don sun san ba a gogewa a sake. Duk mai shirin irin wannan taro ya ƙara fakiti ɗaya a kan lissafinsa.

Da baƙi suka watse, kowace ƙawa ta tafi da nata, muka rage da tara a kan tabarma. Akwai wanda 'yata ta dafa kafaɗar ƙanenta, sai da ta yi ɗage kafin ta kai. Duk mu biyu shi muke so, ga shi guda ɗaya tak, ba shi da kwafi. Ta ce, "Umma, wannan ni zan tafi da shi." Na bar mata, ta saƙala shi a bayan murfin wayarta. Na sayo wani fakitin na ɓoye a durowa, ranar tafiyarta da safe zan tsayar da su biyun a jikin katangar nan in ɗauki nawa.