Zagayen Cambridge da ƙafa: labarin Sanger ne ya fanshi kuɗinmu

Ɗana ne ya yi mana rajista ta intanet, fam 20 kowane mutum, awa 2 ana yawo da ƙafa a tsakiyar Cambridge ta ƙasar Ingila ana nuna wuraren da manyan masana kimiyya suka yi aiki. Ni dai abu guda ya kai ni. Shekara 11 ke nan ina yi wa kaina allurar insulin saboda ciwon suga, kuma na ji an ce a garin nan wani masani, Frederick Sanger, ya gano yadda ƙirarta take.

Awar farko ba ta yi min daɗi ba. Mu 22 aka haɗa wa jagora ɗaya, ga yayyafi, ga kekuna ta ko'ina, wanda ke baya sai dai ya ga bakin matar yana motsi. Muka daɗe tsaye gaban mashayar Eagle ana labarin masanan nan Watson da Crick da ƙirar DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki) da suka gano a 1953, mutane sai ɗaukar hoto suke. Tsohon ɗakin binciken Cavendish ma, inda suka yi aikin, daga waje muka leƙe shi. Har na ce wa yaron, "Kai, wannan ai gara mu karanta a waya." Ya ce, "Baba, ka ɗan ƙara haƙuri."

Ashe da gaskiyarsa. Da muka isa titin Tennis Court, inda sashen nazarin sinadaran jikin halitta yake, sai jagorar, wata dattijuwa mai fara'a, ta zaro zare biyu daga jaka, an shirya musu duwatsu kala-kala kamar carbi. Ɗaya 21, ɗaya 30. Ta ce ga insulin, wadda nau'in furotin ce, kowane dutse amino asid ɗaya ne, wato tubalin da ake gina furotin da shi, 51 ke nan. Kafin Frederick Sanger, masana da yawa ba su tabbatar furotin yana da tsayayyen jeri ba. Shi kuwa da insulin ɗin shanu ya yi aiki: ya sa wani sinadari mai rina kan zaren ruwan ɗorawa don ya gane mafari, ya daddatsa zaren gunduwa-gunduwa, ya rarrabe su a kan takarda, sannan ya zauna yana neman inda wutsiyar wannan ta yi daidai da kan wancan.

Nan ta raba mana guntayen takarda masu haruffa, ta ce mu haɗa. Haruffa 8 kacal, amma ni da ɗana sai da muka yi gardama. Sanger ya kammala dogon zaren a 1951 tare da Hans Tuppy, gajeren a 1953, mahaɗan da suka ɗaure su kuma a 1955. Kusan shekara 10 a kan abu ɗaya! A 1958 ya karɓi lambar Nobel.

Abin da ya ɓata min rai shi ne sauran rayuwarsa a gurguje ta ba mu, don lokaci ya riga ya ƙare a ƙofar mashaya. An haife shi a Rendcomb a 1918, ɗan likita ne, ya yi karatu a kwalejin St John's, ya ƙi ɗaukar makami a Yaƙin Duniya na Biyu saboda aƙidarsa. Ya sake cin Nobel a 1980 kan hanyar karanta jerin DNA, suka raba lambar da Paul Berg da Walter Gilbert. Aka yi masa tayin sarautar Sir ya ce a kai kasuwa. A 1983 ya ajiye aiki ya koma kula da lambunsa, har ya rasu a 2013 yana da shekara 95. Mutum irin wannan ai ya wuce minti 5. Ɗakin binciken da ya koma a 1962 kuma yana can gefen gari, zagayen bai kai wurin ba, tallarsu kuwa ba ta faɗi haka ba.

In za ku je, ku nemi ƙaramin rukuni, ku matsa kusa da jagora, ku ce mata tun farko Sanger kuke so. Mai ciwon suga ya riƙe ɗan abin zaƙi a aljihu, don babu wurin zama har a gama. Da aka watse na roƙe ta ta ba ni zaren nan na riƙe. Na ƙirga duwatsun da kaina, 21 da 30, ɗana yana min dariya wai kamar mai lazimi.