Hattara da masu gwajin ruwa gida-gida

Jama'a, akwai wasu samari da ke bin gidaje a Kano da sunan gwajin ruwan sha kyauta. Ranar Asabar sun shiga gidan mahaifiyarmu, Allah Ya sa ina nan.

Ruwan randarku za su ɗiba a kofi ɗaya, su zuba nasu a wani, su tsoma wata 'yar na'ura mai sanduna huɗu, su jona ta da wuta. Kafin minti biyu naku ya yi ja, sannan ya koma baƙi da kumfa a sama, nasu kuwa yana nan garau. Ɗayansu ya dubi Hajiya ya ce, "Hajiya, kun ga abin da jikokinku ke sha? Shi ke kashe ƙoda." Baiwar Allah ta dafe ƙirji, har ta fara tambayar kuɗin injin tace ruwan da suke tallatawa.

Dattin nan daga sandunan yake fitowa. Biyu na ƙarfe ne, biyu na alminiyon. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke ba wuta hanya, sai ƙarfen ya ci kansa, ya zubar da tsatsa a kofin. Nasu an cire masa gishirin, wuta ba ta ratsa shi. Na shiga kicin na ɗebo ɗan gishiri, na barbaɗa a kofinsu, na ce a sake. Shi ma ya rine. Nan take suka tuna ana jiransu a wani wuri.

Suna kuma da wani abu kamar biro mai nuna lamba. Da ya nuna 200 sai su hau salati, alhali ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda har 500. Biron nan gishiri yake aunawa, bai san ƙwayar kwalara ko taifod ba, waɗanda su ne abin tsoro, kuma tafasa ruwa na minti ɗaya ko sinadarin kulorin yana kashe su.

Injin kirki yana nan a kasuwa, sai dai yana son wuta, yana zubar da ruwa mai yawa, matatarsa kuma sai an riƙa canzawa. Mai son saya ya fara kai ruwansa ɗakin gwaji, ya saya a shagon da zai iya komawa.

A faɗa wa iyaye mata don Allah. Da hantsi suke zuwa, lokacin da maigida ya fita.