Wata Takwas da Lanƙwasasshen Allon Gem Mai Sauƙin Kuɗi: Abin da Na Gani a Kaduna

Wata takwas ke nan da na ɗauko wani lanƙwasasshen allon kwamfuta daga wani shago a kan titin Ahmadu Bello na kawo shi ɗakina a Unguwar Rimi. A tsawon wannan lokaci ya sha zafin bazara, ya ga damina, yanzu kuma ga shi yana shan ƙurar hunturu, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina a kansa ba tare da ɗokin sabon abu ya rinjaye ni ba. Allon mai inci 24 ne, yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ɗaya, fuskarsa irin wadda ake kira VA ce, lanƙwasarsa kuma 1500R. Ban ga amfanin tsayawa kan sunan kamfanin da ya ƙera shi ba, domin allunan wannan aji suna kama da juna ƙwarai, kuma waɗannan lambobi da ke jikin kwali sun fi tambari tasiri a kan abin da idon mutum zai gani.

Gaskiyar magana, lanƙwasar ce ta ja ni zuwa kasuwa, amma a yau ita ce abu na ƙarshe da zan ambata idan aka tambaye ni dalilin da ya sa nake jin daɗin allon.

Lambar da ake rubutawa da harafin R a ƙarshenta ta ruɗa ni da farko, kuma na lura tana ruɗa masu sayarwa su kansu. Ma'anarta ita ce, idan aka ci gaba da lanƙwasa allon har ya zama cikakkiyar da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da gefenta shi ne wannan lamba a ma'aunin milimita. Ke nan 1500R na nufin mita ɗaya da rabi, 1800R na nufin mita ɗaya da santimita 80, kuma duk lokacin da lambar ta ragu, lanƙwasar ƙaruwa take yi. Kamfanin Samsung ne ya yayata 1000R a shekarar 2020 da jerin allunansa na Odyssey, kuma wanda ya zauna gaban ɗaya daga cikinsu zai ji kamar allon yana neman rungumarsa. A kan allo mai inci 24 kuwa, lanƙwasar 1500R ba ta da wani ƙarfi. A makon farko ina lura da ita duk lokacin da na zauna, bayan nan idona ya saba har na daina ganinta, sai dai in baƙo ya shigo ya yi magana a kanta. Inda lanƙwasa take aiki sosai shi ne a kan manyan alluna, daga inci 32 zuwa sama, da kuma masu faɗi na inci 34, waɗanda gefunansu suke nesa da ido idan a miƙe suke.

Abin da ya biya kuɗinsa shi ne saurin sabunta hoto. Allon da yake aiki a kan 60Hz, wato mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, yana riƙe kowane hoto na kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya sauya shi, mai 144Hz kuwa ba ya kai kashi 7. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, amma a hannu da ido babba ne. A wasan harbi irin su Counter-Strike 2, idan na juya da sauri ina iya bin abokin karawa da ido maimakon in ga hoton ya tsinke, kuma ko jan linzamin kwamfuta a kan fuskar Windows ya zama da santsi irin wanda ba na son rabuwa da shi. Duk safiya idan na zauna gaban allon ofis mai 60Hz sai in ji bambancin nan take.

A nan ne nake jan kunnen duk mai shirin shiga kasuwa. Ba kowane lanƙwasasshen allo ne na gem ba. Shagon farko da na shiga, mai shagon ya nuna mini wani kyakkyawan allo ya ce, “Alhaji, wannan shi ne wanda 'yan gem suke rububi, ka ga yadda ya lanƙwashe.” Da na juya kwalin na karanta, sai na ga 60Hz ne. Akwai alluna da yawa irin haka, misali Samsung CF390 mai lanƙwasar 1800R, wanda allo ne mai kyau don aikin ofis da kallo, amma ba don wasa mai sauri aka yi shi ba. Ba na jin mutumin ya yi niyyar cuta ta, na fi zaton shi ma a wurinsa lanƙwasa da gem abu ɗaya ne, sai dai da na biye masa da na koma gida da abin da ba shi nake nema ba.

Ko bayan na sayi na gaskiyar, sai da na yi kwana biyar ina amfani da shi a kan 60Hz ban sani ba, domin Windows ba lallai ne ta ɗora sabon allo a kan iyakar saurinsa da kanta ba. Ƙanena ne, wanda ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ya zo ranar Asabar, ya ja linzamin sau biyu ya ce, “Yaya, wannan bai hau 144 ba tukuna.” Ya shiga saitin nuni ya sauya lambar, ya kuma cire wayar HDMI da nake amfani da ita ya ce in nemi ta DisplayPort. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin ramin HDMI da ke jikin yawancin alluna masu araha tsohon samfuri ne wanda ba kullum yake kai cikakken saurin ba, sannan katin hoto na Nvidia, wato ɓangaren kwamfuta da ke tura wa allo hoto, ba ya daidaita saurinsa da irin wannan allo mai FreeSync (fasahar daidaita saurin allo da na katin hoto) sai ta DisplayPort, damar da kamfanin ya buɗe a farkon 2019 ga katunan jerin GTX 10 zuwa sama. Wannan daidaitawa ita ke hana hoto ya rabe biyu idan wasa ya yi nauyi.

Zancen katin hoto shi ya yanke mini hukunci kan girman allon. Raina ya so mai inci 27 mai ɗigo 2560 da 1440, irin Odyssey G5, kuma na tsaya gabansa na daɗe. Amma kwamfutata tana ɗauke da katin GTX 1660 Super ne, kuma allon 1440 yana da ɗigo sama da miliyan uku da dubu ɗari shida, alhali na 1080 bai wuce miliyan biyu da 'yan kai ba. Wato zan ɗora wa katin kusan ninki biyu na aikin da ya saba, in biya kuɗin saurin 144 da ba zan taɓa gani ba a manyan wasanni. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ke jan mutane da yawa, wato inci 27 mai ɗigo 1080, saboda girmansa yana cika ido kuma farashinsa bai yi nisa da na inci 24 ba. Na gwada shi a shagon, na buɗe rubutu na matso kamar yadda zan zauna a teburina, sai na ga haruffan sun ɗan yi kaushi. Lissafin a fili yake, mai inci 24 yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci, mai inci 27 yana da kusan 82, idan kuma aka kai inci 32 da wannan adadi sai ya sauko kusan 70. Tun da da rana ina aikin lissafi da rubutu a kan allon, na zaɓi ƙarami mai kaifi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Fuskar VA tana da alheri tana da naƙasa, kuma kusan duk lanƙwasassun alluna masu sauƙin kuɗi ita suke amfani da ita, don haka wanda ya zaɓi lanƙwasa ya zaɓe ta ke nan ko bai sani ba. Alherinta shi ne baƙinta baƙi ne na gaske. Tazarar da ke tsakanin farinta da baƙinta takan kai ninki 3000, inda wata irin fuskar da ake kira IPS ta wannan farashi take tsayawa wajen 1000. Da dare, idan na kashe fitilar ɗaki na shiga tseren mota a Forza Horizon 5, sararin sama yana fitowa baƙi ƙirin, fitilun hanya kuma suna haskawa kamar a zahiri. Naƙasar ita ce ɗigon wannan irin fuska suna jinkirin fita daga duhu zuwa haske, don haka idan abu mai duhu ya gitta da sauri yakan bar wata inuwa a bayansa kamar an shafa gawayi da yatsa. Na fi ganinta idan ina gungura farin rubutu a kan baƙin shafi, da kuma a lungunan wasa masu duhu. Rubutun “1ms” da ake bugawa da manyan haruffa a kwali, wato wai ɗigo yana sauyawa cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, bai kamata ya yaudari kowa ba, domin a wannan aji yawanci ana samunsa ne ta wani saiti da ke sa fitilar bayan allon ta riƙa ƙyaftawa, wanda ke rage haske sosai, kuma ba ya aiki tare da FreeSync. Na kunna shi sau ɗaya na kashe. Abin da ya fi mini amfani shi ne barin saitin hanzarta ɗigo a matsakaici, domin idan aka kai shi ƙarshe sai wata farar inuwa ta maye gurbin baƙar.

Akwai wani abu da ban yi tunaninsa ba sai da abokaina suka zo. Lanƙwasasshen allo na mutum ɗaya ne, wanda ya zauna a tsakiya daidai. Mu kuwa a nan gem ɗinmu na taro ne. Ranar da muka haɗu mu huɗu muna buga EA Sports FC, biyu a kan kujera biyu a bakin gado, wanda ya zauna can gefe ya yi ta ƙorafin cewa launin filin ya koɗe a wajensa kuma ɓangaren da ke kusa da shi ya karkace. Gaskiyarsa ce, kuma tun daga ranar muka mayar da wasan ƙwallo kan talabijin na falo. Haka nan wanda PlayStation 4 ce kawai gare shi ba zai ga amfanin 144Hz ba, domin na'urar ba ta wuce 60, ita ma PlayStation 5 iyakarta 120 a wasannin da suka yarda da hakan. Ƙanena kuma da ya gwada zanen gini a kan allon ya ce miƙaƙƙun layuka na kwance suna yi masa kamar sun ɗan rusuna, abin da ke da muhimmanci ga mai irin karatunsa ko da ni bai dame ni ba.

Ta fuskar wuta allon bai ba ni wahala ba. Cinsa bai kai na fankar sama ba, ƙaramar inbata tana riƙe shi cikin sauƙi, kwamfutar ce mai cin wutar. Duk da haka ban taɓa jona shi kai tsaye a bango ba, yana bayan UPS ne kullum, saboda yadda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta da kuma lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. Ƙurar hunturu kuwa tana taruwa a ramukan iska na bayansa cikin 'yan kwanaki, don haka nakan rufe shi da mayafi idan zan fita, in kuma goge fuskar da tsumma mai laushi ba tare da dannawa ba.

Wannan rashin dannawar ba ƙaramin abu ba ne, domin lanƙwasasshen allo ya fi miƙaƙƙe saurin fashewa. Ba a kife shi a kan tebur don ɗaura masa ƙafa, a cikin soson kwalinsa ake barinsa har a gama. Ranar da na saye shi na ɗauki shatar keke ni kaɗai, na riƙe kwalin a tsaye tsakanin gwiwoyina har gida. Kafin nan kuma sai da na sa mai shagon ya kunna shi a gabana, muka cika fuskar da fari, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, ina duba ko akwai mataccen ɗigo ko haske mai tsiyaya ta gefe. Ya yi haƙuri da ni har na gama, ya rubuta lambar jikin allon a kan rasit tare da sharaɗin garanti. Na ga na hannu masu rangwame sosai, wasu har da alamar ba su daɗe da fitowa daga kwali ba, amma wanda zai saye su ya ninka wannan gwaji, ya kuma tabbatar da idonsa cewa allon yana hawa saurin da aka rubuta. Farashi kuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ba ya zama wuri ɗaya, sai mutum ya zagaya shaguna uku ko huɗu a rana guda kafin ya san inda kasuwa ta tsaya.

Ƙafar allon ita ce inda na ga an yi tsimi. Tana sunkuyawa gaba da baya ne kawai, ba ta hawa ba ta sauka, kuma a watan farko wuyana ya faɗa mini hakan. Wani kafinta a Tudun Wada ya yi mini ɗan dakali na katako mai tsayin santimita goma, matsalar ta kau. Wanda zai saya yanzu ya duba ko ƙafar tana ɗagawa, ko aƙalla akwai ramuka huɗu na VESA a baya don ɗaura wani mariƙi. Lasifika ma babu a jikinsa, sai ramin abin sauraro na kunne.

Da za a mayar da ni shagon nan da kuɗin da na riƙe a ranar da kuma kwamfutar da nake da ita, wannan allon zan sake ɗauka, saboda saurinsa da zurfin baƙinsa, kuma saboda mafi yawan wasana ni kaɗai nake yi da dare. Ƙanena yana tara kuɗin nasa yanzu, shi kuwa na ce masa ya nemi miƙaƙƙe mai fuskar IPS da 144Hz, tun da zane yake yi da rana, da yamma kuma ɗakinsa ba ya rabuwa da abokai.